Muktari Makiyayin Shamuwa

A shekarun ƙarshe na mulkin Nasara, lokacin da Arlit ba ta zama gari ba, fili ne fetal da duwatsu da wasu Turawa masu farfasa su da guduma, an yi wani mutum a wani ƙauyen masu lambu a yankin Dannet, sunansa Muktari. Allah bai halicci abin da Muktari bai iya ba, a bakinsa dai. In ana hirar gina rijiya, shi ke jin ƙanshin ruwa daga bisa ƙasa. In ana hirar ayarin gishiri, shi ya nuna wa madugu hanyar Bilma. Gaskiyar magana, sau ɗaya ya taɓa bin ayari, a zango na biyu kuma ya tashi da magagin barci ya bi wani ayarin da ke komowa gida. Bai gane ba sai da ya hango bukkar matarsa.

Na ce bukkar matarsa, don a Abzin haka abin yake. Bukka ta Dassin ce, awaki nata ne, ɗan lambun ma gadon uwarta ne. Abin da Muktari ya shigo da shi gidan rawani ne shuɗi, da takalmi, da baki. Dassin mace ce marar yawan magana. Damina guda ta yi tana tatsar awaki tana yin cuku, ta aika da shi Timiya aka musanyo mata irin alkama, taiki guda cike, ta rataye shi a ginshiƙin bukka. Da sanyi ya shigo za a shuka, da bazara a ci. In babu taikin nan babu shuka, in babu shuka kuma sai su wuni suna kallon hayaƙin tukunyar maƙwabta.

"Komai na ɗakin nan taɓa," ta ce masa ranar da ta rataye shi. "Wannan kada ko inuwarka ta faɗa kansa."

"Ni da nake shirin cika miki rumbu," in ji Muktari, "me zan yi da ɗan taiki?"

A shekarar an yi ruwa sosai. Har ƙarshen kaka wani tafki bai ƙafe ba a gindin duwatsu, bayan lambuna, ga fara ta sauka a ciyawar gefensa. Sai tsuntsaye masu wucewa kudu suka mai da shi zango: agwagin ruwa, da zalɓe, da wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu da ba wanda ya san sunansu. Sai kuma wasu manya, irin shamuwa amma farare, bakinsu ja, ƙafarsu ja, sun fi talatin, suna takawa cikin ruwa a natse suna tsintar fara da kwaɗi.

Wata safiya Muktari ya fito neman jaki, sai ya ga mota a ƙarƙashin aduwa. Ta wani Bafaranshe ce da ake kira Mushe Barnabe, ɗaya daga Turawan nan masu farfasa duwatsu. Shi kuwa Mushe yana can rub da ciki a bakin tafki, ya kafa madubin hangen nesa a ido, ya duba ya rubuta, ya duba ya rubuta. Mai tuƙa masa mota, wani mutumin Tawa da ake kira Illi, yana zaune a inuwa yana hura gawayin shayi.

"Sannu da aiki, Illi. Maigidanka ciki ke ciwo?"

"Lahiyatai lau. Tsuntsaye shika kallo."

"Ya ci, ko ya sayar?"

"Kallo dai. Shi duba, shi ƙidaya, shi rubuta. Kwana huɗu ke nan ban tada mota ba. Akwai wata cikin hwararen can mai zobe ga ƙahwa, ita shika nema. Ya ce can ƙasassu anka sa mata shi, har da rubutu bisa."

Muktari ya tsaya cak, jaki ya fita daga ransa. Dabba mai shaida a jiki, ga mutum ya biyo sawu daga nesa, yana ƙidaya, fuskarsa duk damuwa. To wannan ai ko jariri a Abzin ya san fassararsa. Raƙumi in ya ɓalle da shaidar mai shi a wuya, duk wanda ya tsince shi sai ya yi masa dabaibayi, ya ba shi ruwa da abinci, ya ajiye har mai shi ya zo. Mai shi kuma ba ya juyawa sai ya bar tukuici, ko akuya, ko rawani. In talakan makiyayi zai ba da akuya a kan raƙumi ɗaya, me Nasara mai mota zai bayar a kan garke guda?

"Ashe garkensa ne ya ɓalle," ya ce a hankali. "Allah sarki, bawan Allah. Kunya ta hana shi faɗi."

"Kai, ba haka na ce ba," in ji Illi. "Tsaya ka ji."

Ina! Muktari ya riga ya yi nisa, rawani na kaɗawa.

Da azahar ya iske maza suna shan shayi a bakin rijiyar Aghali. Aghali yayan Dassin ne, mutum mai haƙuri, shi ke da sa, wanda ke jawo wa lambuna ruwa daga rijiya. Muktari bai jira an miƙa masa kofi ba ya zazzage musu labari. Ya ce mai zoben ita ce jagaba, in an kama ta sauran za su biyo, kamar yadda ayari ke bin raƙumin gaba.

"Tun zamanin kakana tsuntsayen nan ke zuwa," in ji Aghali. "Su ci fara, su wuce. Duk shekara suke ɓallewa?"

"Duk shekara. Makiyayan Faransi ba su iya dabaibayi ba."

"To ko sau ɗaya ba a taɓa biyo su ba sai bana?"

"Ka san nisan Faransi kuwa? Tun zamanin kakan naka ya taso, yanzu ya iso."

Aka fashe da dariya, Muktari ya ɗauka ta yabo ce.

"Me zai ba ka?" wani ya tambaya.

"Ni ba na roƙo. Amma in ya matsa, sai in karɓi motar."

"Ka iya tuƙi?"

"Mutumin da ya tuƙa raƙumi har Bilma..."

"Har zango na biyu," in ji Aghali, yana juya shayi.

Washegari Muktari ya tunkari tafki yadda ake tunkarar baƙon raƙumi: gutsuren gishiri a hannun dama, igiyar dabaibayi ɓoye a bayansa, yana ƙyasta harshe yana lallashi. Mata masu wanki suka ajiye wanki. Shamuwoyin suka dube shi da ido ɗaya, suka matsa taku uku. Ya matsa uku, suka matsa uku. Haka suka yi ta jansa har ruwa ya kai masa gwiwa, sa'an nan laka ta kama ƙafarsa ta dama. Ya ja, ta fito ba takalmi. Ya sunkuya laluben takalmin, ta hagu ta nutse. Ya yunƙura, sai ga shi zaune daɓas cikin ruwa, gishiri na narkewa a hannunsa. Tsuntsayen suka buɗe fiffike ba gaggawa, suka koma ɗaya gefen suka ci gaba da kiwo.

Wata tsohuwa, Mariyama, wadda bakinta bai taɓa raga wa kowa ba, ta ɗaga murya daga wurin wanki.

"Muktari, kai ka kama su ko su suka kama ka?"

"Gwada su nake yi, Inna! Na gane halinsu yanzu. Ba su san gishiri ba."

"To takalmin fa?"

"Na bar musu su saba da ƙanshina."

A hanyarsa ta komawa, ƙaya na sukar tafin ƙafarsa, ya yi tunani mai zurfi irin nasa. Dabbar Nasara ai abincin Nasara ta sani. Me Nasara ke ci? Burodi. Da me ake burodi? Nan ya tsaya, gabansa ya faɗi kaɗan, don ya tuna taikin da ke rataye a ginshiƙi. Amma faɗuwar gaban Muktari ba ta daɗewa. Ya ce wa kansa wanda zai shigo da mota gida, wa zai tsaya yi masa maganar ɗan iri? Ya jira Dassin ta kora awaki, ya sauke taikin, ya ɗebi rabin ƙwarya. Da ya ga taikin ya rame, sai ya juye sauran a zane, ya zuba yashi a ƙasa, ya mai da alkama a kai, ya rataye. Ya ja da baya ya duba, ya yaba wa kansa.

Ya yayyafa alkama a layi tun daga bakin tafki har kusa da motar Mushe, don garke ya bi layi ya kai kansa ga mai shi. Ya zauna a kan dutse yana jira. Ba a daɗe ba baƙi suka iso. Kurciyoyi ne suka fara, sai jan-baki kamar an kira su da ganga, sai zabin daji, daga ƙarshe sai ga jakin nan nasa da ya ɓace ya fito daga bayan dutse yana bin layi da leɓe. Shamuwoyin ko waiwaye ba su yi ba. Ɗaya ma ta tako har bakin layin, ta tsallake alkamar, ta cafke wani kwaɗo a bayanta.

Aghali ya biyo ta wurin da fartanya a kafaɗa.

"Alkamar wa ake yi wa sadaka haka?"

"Wani abokina ya aiko mini daga Iferwan."

"Ba su ci ba kuwa."

"Kai ba ka san manya ba. Babba ba ya fara sa hannu a akushi. Waɗannan ƙananan barorinsu ne, ɗanɗana musu suke yi."

"Jakin ma baransu ne?"

Muktari ya yi kamar bai ji ba.

Kwana biyar yana wannan hidima. Kullum alkama na raguwa, yashi na ƙaruwa, taiki na nan da ƙibarsa har ya fi da nauyi. Ƙananan tsuntsaye kuwa suka gane shi sarai. Da shuɗin rawanin nan ya ɓullo daga bukka, sai ka ji fir daga kowane icce, su yi masa rakiya har tafki, wasu a sama, wasu a ƙasa, wata kurciya marar kunya har kan rawanin take sauka. Muktari ya ce wa mutane su duba da kyau, barori sun yi mubaya'a, saura iyayen gidansu. A rana ta shida ya sa hannu a taiki, ya ji alkamar ba ta fi tafi biyu ba. Ga sanyi ya fara cizo da safe, ga Dassin ta fara gyaran fangali a lambu. Ya ga in bai kama mai zoben nan gobe ba, kashinsa ya bushe.

Sai ya tuna maharba kan ɓuya a bayan sa su lallaɓa har kusa da nama, don tsuntsu ba ya gudun shanu. Ya je wurin Aghali aron sa.

"San rijiya ne," in ji Aghali. "Shekararsa tara yana aiki ɗaya. Bai san komai ba sai shi."

"A hannunka ne bai san komai ba."

Aghali ya dube shi, ya dubi san, ya miƙa masa igiya. Ina jin shi ma yana son ganin ƙarshen abin.

Muktari bai iya yin abu a ɓoye ba. Kafin hantsi ya bi bukka bukka ya shaida wa kowa cewa yau za a damƙa wa Nasara garkensa, kowa ya zo ya ga yadda ake karɓar mota. Ƙauye ya fito kaf, aka jeru a kan duwatsu. Illi na jikin motarsa, amma ba a ga Mushe ba. Muktari ya ce ba komai, ya tafi shirya tukuici ne. Ya yi zarge a bakin doguwar igiya, ɗaya bakin kuma ya ɗaure a kafaɗar san, wurin da ake ɗaura igiyar guga, don ya ce tsuntsun da ya taso daga Faransi da fiffikensa zai iya tashi da mutum. Ya duƙa a gefen san, ya ce masa mu je.

Sa ya tafi tiɓis tiɓis, ya nufi tafki, Muktari na rakuɓe a jikinsa. Abin ya fara kyau har mutane suka yi shiru. To amma san rijiya, tafiyarsa a ƙidaye take. Taku ashirin yake yi daga bakin rijiya, guga ta fito ta zube, ya juyo ya komo. Shekara tara bai taɓa yin ashirin da ɗaya ba. Da ya cika ashirin sai ya tsaya, ya juya a natse, ya kamo hanyar komawa, ya bar Muktari tsugune a fili da igiya a hannu, shi da shamuwoyi suna kallon juna.

Dariya ta ɓarke a kan duwatsu. Muktari ya bi san da gudu a duƙe, ya juyo da shi, suka sake. Taku ashirin, sa ya juya. Suka sake, ya juya. Muktari ya roƙe shi, ya zage shi, ya yi masa alkawarin zama a bayan mota, sa bai san zancen ba.

"Ƙara masa ɗaya, Muktari!" in ji Mariyama. "Kai da ka kai raƙumi Bilma!"

Da ya ga haka, sai ya ja san da hannu har kusa da wani kurmin ciyawa mai tsawo a bakin ruwa, ya fara ƙirgen daga nan. Allah da ikonsa, sai ga mai zoben ta ware daga 'yan'uwanta, ta tako har gaban ciyawar, zoben na walƙiya a ƙafarta. Muktari ya ga mota, ya ga kansa a ciki, ya ga Dassin tana yi masa guɗa. Ya miƙe tsaye ya kaɗa igiya sau uku, ya yi kabbara, ya wurga.

Igiya ta wuce shamuwa da kamu biyar ta faɗa cikin ciyawa, ta zarge wani abu. Abin da Muktari bai sani ba, tun da sassafe Mushe Barnabe ke kwance cikin ciyawar nan, ya lulluɓa da buhu, ya kafa na'urar ɗaukar hoto a kan ƙafafunta uku. Kwana goma sha ɗaya yana jiran mai zoben ta matso inda zai iya karanta rubutun, sai yau ta matso. Zargen ya kama ƙafafun na'urar, ya haɗa da hannun Mushe.

Sa ya ji nauyi a igiya. Nauyi a igiya kuwa abu ɗaya yake nufi a wurinsa: guga ta cika. Ya sunkuyar da kai ya ja da gaskiya.

Ciyawa ta dare, sai ga Nasara ya fito rub da ciki, rungume da na'ura, buhu a ka, yana ihu da Faransanci, yana share laka da ƙirji. Muktari ya kama igiyar don ya tsayar, ta fizge shi shi ma, ya bi bayan Mushe. Sa bai waiwaya ba sai da ya cika taku ashirin. Sa'an nan ya tsaya, ya juyo, ya tsura musu ido yana jiran a juye ruwa.

Shamuwoyin kuwa wannan karo ba ɗaya gefen suka koma ba. Suka tashi gaba ɗaya, da agwagin da zalɓen, suka yi ta kewaya sama suna hawa har suka zama ɗigo ɗigo, suka miƙe kudu. Tafki ya koma wayam, ba kowa sai kwaɗi.

Mutane suka sauko daga duwatsu, wasu na riƙe da ciki. Mushe ya miƙe, ba abin da ake gani a fuskarsa sai idanu. Ya dubi sama, ya dubi na'urarsa da ke ɗigar laka, ya dubi Muktari, ya yi magana mai tsawo. Muktari ya gyara rawani, ya ce wa Illi:

"Gaya masa kada ya damu. Na san hanyar da suka bi. Ya ba ni motar in bi sawu."

"Ba abin da shika hwaɗi ke nan ba," in ji Illi. "Ya ce wa ya aike ka?"

"Zumunci ya aike ni. Dabbar mutum ta ɓata, a zauna ana kallo?"

Illi ya juya wa Mushe maganar da Faransanci. Mushe ya amsa a gajiye.

"Ya ce ba nashi ba ne," in ji Illi.

"To na kumandan ne, Nasaran da ke mulkin ƙasar nan?"

"Ba na kumandan ba ne. Ba na kowa ba ne. Ya ce wasu malamai can ƙasassu ka kama su tun suna ƙanana, su sa musu zobe, su sake su. Wanda duk ya gani wata ƙasa, shi rubuta musu takarda shi ce ya gani."

"Sa'an nan su zo su ɗauka?"

"Sa'an nan su ji daɗi."

Muktari ya dubi Illi, ya dubi jama'a.

"A sa wa dabba shaida, a sake ta, ba a son ta komo? To wallahi ba ni ne mahaukaci a wurin nan ba."

Wasu tsofaffi har sun fara gyaɗa kai, don maganar ta shige su, sai taro ya dare. Dassin ce tafe da taiki a kafaɗa. Ta gama fangali da safen nan, ta sauke iri za ta shuka. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta zo gaban mijinta ta kwance bakin taikin, ta juye. Alkama tafi biyu ta fara zubowa, sai yashi, yashi, yashi, har ya rufe masa ƙafafu. Dariya ta ɗauke kamar an yanka ta da wuƙa. Kowa a wurin ya san wahalar damina guda ce ke cikin taikin nan, ya kuma san abin da bazara ke yi wa gidan da bai shuka ba.

"Wannan zan shuka?" ta ce.

Karo na farko tun da aka haife shi, Muktari ya buɗe baki bai sami komai a ciki ba. Kunya ta kama shi har wuya, ya ji da ma lakar nan ta haɗiye shi tare da takalmin. Ana cikin wannan shiru sai ga fir daga itatuwa. Kurciyoyi da jan-baki sun hango shuɗin rawani, suka sauko a kan tafi biyun da suka rage, suka tsince su tas a gaban kowa.

Aghali ya tausaya wa ƙanwarsa. Ya ce zai raba irinsa da ita, amma Muktari ya biya da aiki, ya tsaya masa korar tsuntsaye a lambu har shuka ta fito. Muktari ya ce in dai korar tsuntsu ce, an zo wurin mai ita, ai kowa ya ga yadda ya kori garke guda har ƙasar Hausa. Washegari Aghali ya shuka fangali huɗu, ya tsayar da shi a tsakiya da gwangwani da sanda. Kafin rana ta take, duk tsuntsun da ke kwarin ya hallara a lambun Aghali, don sun ga mai abinci ya sauya wuri. Yana buga gwangwani, suna ɗauka kiran kalaci ne. Suka tone fangali huɗu, suka tsallaka na maƙwabta.

Da la'asar masu lambu suka taru a bakin rijiya, rai a ɓace. Wani ya ce a ƙone rawanin. Aghali ya ce an gwada, ya cire shi da rana, sun san tafiyarsa. Wani ya ce a aika shi Bilma, aka tuna ba ya wuce zango na biyu. Tsohuwa Mariyama ce ta warware.

"Ku dai ba ku da wayo. Tunda shi suke bi, ku kai shi inda ba shuka. Kowane lambu ya ba Dassin iri tafi guda, ita kuma ta tsare mana shi a bayan tafki daga fitowar rana har faɗuwarta, da ƙwaryar dusa yana watsa musu, har a yi girbi."

Ba wanda ya yi gardama. Lambu goma sha tara ne a kwarin, kowa ya kawo nasa, wasu har da ƙari don tsoro. Taikin bai cika kamar da ba, amma ya isa shuka. Dassin ta shuka abinta ita kaɗai, san Aghali na kai da komo yana ba ta ruwa.

Ranar da zai fara aiki, Muktari ya naɗa rawani ya ɗauki ƙwaryar dusa, bakinsa ya riga ya warke. Ya tsaya a ƙofar bukka yana gaya wa masu wucewa cewa duk Abzin ba a taɓa yin mutumin da gari guda ya taru ya naɗa shi makiyayi ba, garkensa kuma ya fi na Nasara yawa. Dassin ta fito ta ce ya miƙo ƙafa. Ta tsuguna ta ɗaura masa jar tsirkiyar fata a idon sawu, irin wadda take ɗaura wa awakinta, ta ƙulle tam.

"Wannan fa na mene ne?"

"Shaida," ta ce, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. "Duk wanda ya tsince shi kusa da lambu, ya san na wace ne. Ya yi masa dabaibayi."

Aghali na wucewa da sansa, ya tsaya.

"In an maido miki, mene ne tukuicin?"

Dassin ta karkaɗe zanenta, ta ɗauki fartanya.

"Wa ya ce a maido?"